Gwangwani Biyu a Shagon Wanki

Zuwa ga Yayata, akantar gidanmu da ba ta taɓa riƙe kuɗin kowa ba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya sauron ɗakin kwananku da kika ce sun san lokacin dawowarki daga aji? Mu nan lafiya lau, sai bayan Baba da har yanzu ba ya barin sa ya sunkuya. Mama na gaishe ki, ta ce ki daina ƙin cin abinci don jarrabawa.

Kin ce lissafi ba ya zama a waya, in rubuto. To ga shi na rubuto, da bokon da na tsinta a tsofaffin littattafanki. In kin ga layi ya gangara, allo na saba da shi. Direban nan mai ƙaton ciki zai kawo miki. Kada ki ba shi komai, na riga na wanke masa riga.

Yaya, Baba zai rufe shagon wanki. Jiya Kawu mai gareji ya zo, ya zauna kan kujerar Baba kamar shi ya saya, ya ɗauki gwangwanin kuɗin shago ya girgiza. Gwangwanin ko tari bai yi ba.

Ya ce wa Baba, "Yaya, ka ji? Shagon da gwangwaninsa ba ya magana ai ya mutu. Ka ba ni yaron nan in koya masa aikin mota, ya bar wanke wandunan mutane."

Na ce, "Har da naka, Kawu?"

Baba ya ce in rufe baki.

Ga yadda aka tashi. Kuɗin filin gadon nan da aka sayar, dubu ɗari huɗu, suna hannun Baba. Ya ce shekara nawa yana zuba ƙarfinsa a shagon nan, ni ma tun da na karɓa ban nuna masa ko sisi a ajiye ba. In hayar shago ta ƙare ban gamsar da shi ba, zai mayar da makulli, ya riƙe kuɗin don magani, ni kuma in tafi gareji in riƙa miƙa wa Kawu sifana yana kira na sakarai.

Ni ba zan je ba. Na san shagon nan yana da rai. Daga safe har yamma hannuna a cikin ruwa yake, yatsuna sun zama kamar na tsohuwa, kaya sun taru har ba inda zan taka. Shagon da ya mutu ba ya cika haka. Inda kuɗin suke shiga ne ban gane ba.

Kin daɗe kina cin kuɗin makaranta a kan lissafi. Yau ranar da zan ga amfaninsa ta zo. Kuma ina da dabara: Baba ya sayo min babur da kuɗin nan, in riƙa ɗauko kaya ina kai wa mutane har gida. Akwai wani ja da na gani. Ki rubuto lissafin da zai nuna haka shi ne daidai, ni zan karanta masa da murya mai daɗi.

Kawu ya bar wandonsa na aiki a wanke masa, kyauta kamar kullum. Na zuba masa sitati har wandon ya tsaya da ƙafafunsa a bakin ƙofa. Yana can yana gadin shago.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Na karɓi takardarka, na kuma ji daɗin jin kowa lafiya. Allah Ya ba Baba sauƙi. Ka gaishe da Mama, ka ce mata ina cin abinci.

Na farko, ka je ka jiƙa wandon Kawu kafin ya gani. Mutumin da kake so ya yi shiru a gaban Baba ba ka tsokanar sa.

Na biyu, ba a fara lissafi da amsa. Ba zan rubuta cewa babur ne daidai ba don kawai ja ne. In ka kai wa Baba lissafin da muka lanƙwasa, bayan wata biyu gwangwani zai ƙaryata mu.

Gwangwani ya zama fanko ba shi ne shago ya faɗi ba. Abin da yake nufi kawai shi ne kuɗi sun fita. Tambayar ita ce ina suka je. Abin da aka fara koya mana a aji ke nan: kasuwanci mutum ne mai zaman kansa, aljihunsa daban da na mai shi. Mu kuwa a gidanmu aljihu ɗaya ne tun kafin a haife ka.

Ga aikin da za ka yi na wata guda cur. Ka samo littafi, ka raba shafi gida uku. A na farko ka rubuta duk abin da ya shigo daga masu kawo wanki. A na biyu ka rubuta abin da shago ya ci don ya yi aiki: sabulu, bula, sitati, gawayin guga, ruwa, leda. Hayar shekara ka raba ta goma sha biyu, ka sa kason wata ɗaya ko da ba a biya a wannan watan ba, don kana zaune a shagon kana cin ta. A na uku ka rubuta duk abin da wani ya ɗiba don gida, ko wane ne shi, ko nawa ne. Kada ka ji nauyin kowa.

Wankin da kake yi kyauta ma ka rubuta shi a gefe, da kuɗin da ya kamata a biya. Sabulu bai san ɗan'uwa ba.

Kada ka ƙara ko ka rage don ka ba ni dariya. Na san ka. In na ga lamba ɗaya mai kama da tsokana, zan mayar maka da littafin ta hannun direban.

Malaminmu ya ce kowa ya kawo lissafin wani kasuwanci na gaske. Abokaina suna bin manyan shaguna ana korar su. Ni kuwa ina da kai.

Wassalam.
Yayarka

Zuwa ga Hajiya Kalkuleta,

Sallama da gaisuwa irin ta ƙani mai biyayya, wanda ya yi wata guda yana rubutu kamar an sa shi horo. Ya jarrabawa? Mu nan ruwa ake ta yi, shago duk warin danshi.

Wandon Kawu kin makara. Ya riga ya sa, ya taka har gareji kamar an ɗaura masa katako. Ya ce wa Baba ba na ji. Baba ya juya fuska bango, amma na ga kafaɗarsa na rawa.

Na yi aikinki, har na ƙara da nawa. Na samo gwangwani na biyu, na rubuta GIDA a jikinsa, na farko kuma SHAGO. Na huda murfin na shago, na sa masa kwaɗo. Ranar farko Mama ta shigo da mayafi a kafaɗa za ta kasuwa, ta miƙa hannu yadda ta saba, ta ji ƙarfe.

Ta ce, "Auta, wane ne ya kulle min gwangwani?"

Na ce, "Yaya ce, Mama. Ta ce gwangwanin mutum ne mai zaman kansa."

Ta ce, "To ka gaya wa mutumin ni na haifi mai wankinsa, ya ba ni kuɗin cefane."

Na buɗe na shago, na ƙirga, na zuba a na gida, na rubuta, sannan na miƙa mata na gidan. Ta tsaya tana kallo na. Ta ce ita dai a rayuwarta ba ta taɓa ganin kuɗi sun yi hijira daga gwangwani zuwa gwangwani kafin su isa hannunta ba. Yanzu in ta shigo sai ta ce, "A gai da mai zaman kansa."

Ga abin da wata ya bayar, ba ƙari ba ragi, na rantse da allona.

Abin da ya shigo: dubu ɗari da tamanin.

Abin da shago ya ci: sabulu da bula da sitati, talatin. Gawayi, ashirin. Ruwa, sha biyar. Kason haya, ashirin da biyar. Leda da gyaran hannun dutsen guga, goma. Duka ɗari.

Abin da gida ya ɗiba: cefanen Mama, arba'in da biyar. Maganin Baba, sha biyar. Sai wata ɗaliba mai yawan ba da umarni, da ake aika mata ta hannun direba, ashirin. Duka tamanin.

Na haɗa na cire, na ga sifiri zaune yana kallo na. To ashe gwangwanin ba bebe ba ne, mu ne ba ma barin sa ya yi magana.

Wankin kyauta kuma: kayan garejin Kawu da na yaransa, masu baƙin mai da ke cin sabulu ninki biyu, sun kai na dubu goma a wata. Na tambayi Mama tun yaushe ake yi, ta ce tun kina goye.

Yanzu maganar babur. Na je na sake dubansa, ya ƙara kyau. Mai shi ya ce dubu ɗari huɗu daidai, kamar ya leƙa aljihun Baba. Na lissafa, in ina zagaya unguwanni zan ƙaro wankin dubu arba'in a wata. Ɗari huɗu a raba arba'in, wata goma ke nan ya biya kansa. Kin gani? Ni ma na iya. Ki sa hannu kawai.

Naki mai ƙwaƙwalwa,
Auta

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na karanta ta sau da yawa. Ka gaishe da Baba da Mama, da mai zaman kansa.

Aikinka ya yi kyau, ban sami abin gyara a lambobin ba. Shagon bai faɗi ba. Yana shigo da ɗari da tamanin, yana cin ɗari, yana barin tamanin, mu kuma muna cinye tamanin ɗin kafin wata ya ƙare. Amma kada ka kira tamanin ɗin riba tukuna. Ka manta da wani ma'aikaci: kai. Da wani aka ɗauka yana wanki da guga daga safe zuwa yamma, da ba zai karɓi ƙasa da talatin ba. Ka cire masa. Ribar gaskiya hamsin ce. Har yanzu shago ne mai rai, kuma shi ke riƙe da gidanmu gaba ɗaya. In aka rufe shi, kuɗin filin ba za su wuce wata biyar ba a cefane da magani da kuɗin da ake aiko min.

Layin ɗalibar nan ya tsaya min a wuya. Na san daga gida ake aiko min, amma ban taɓa zama na haɗa shi da hannunka a cikin ruwa ba. Ina lissafin kamfanonin da ke cikin littafi, ban lissafa kaina ba. Zan iya rage shi zuwa goma, in nemi yaran da zan riƙa koya wa lissafi da yamma. Ka gaya wa Baba.

Yanzu babur ɗinka. Raba jari da abin da yake kawowa don a ga yaushe zai dawo, wannan daidai ne, haka ake auna jari. Amma ka raba da abin da ya shigo, ba abin da ya rage ba. Babur ɗin iska zai sha? Mai, gyara, faci, da ƙarin sabulu da gawayin sabon wankin za su ci ashirin. Saura ashirin. Wata ashirin ke nan, ba goma ba. Kafin nan ya tsufa, in ka tashi sayarwa rabin kuɗinsa za a ba ka. Wannan ma asara ce ko da ba ka ga fitarta daga gwangwani ba.

Kuma ashirin ɗin da za ka samu baɗi ba ta kai ashirin ta yau ba. Kafin ka ce ka ji ƙamshin kuɗin ruwa, ba shi nake nufi ba. Ka tuna nawa ka sayi katan ɗin sabulu bara, nawa kake saya yanzu. Jarin da ke dawowa da wuri ya fi wanda ke jan ƙafa.

Ga tambaya ɗaya, ka amsa ta kafin ka sake zuwa kallon babur. Ka rubuta cewa kaya sun taru har ba wurin taka ƙafa. To masu kawo wanki ne suka yi maka kaɗan, ko kai ne ba ka iya fitar da wanda aka kawo? A ina aikin yake tsayawa? Nan ake sa kuɗi.

Wassalam.
Yayarka

Zuwa ga ɗaliba mai dubu ashirin,

Gaisuwa mai yawa. Maganar ragin kuɗinki ban kai wa Baba ba, kuma ba zan kai ba. Ki zauna ki yi karatu. Ke kina koyar da yaran mutane da yamma, sannan ki faɗi jarrabawa, a ce wankina ya tafi a banza? Ban yarda ba.

Tambayarki ta ɓata min rai, don na san amsarta tun kafin in gama karantawa. Shanya ce. Wanki ba ya gagara ta, guga ma haka. Amma igiya biyu ce gare ni a gaban shago, in hadari ya taso sai in kwashe in jibge a ciki, kaya su yi wari, in sake wankewa da sabuluna. Kwanaki na rasa wuri na shanya rigar wani malamin makaranta a kan katangar maƙwabta, akuyarsu ta cinye hannu ɗaya. Na ce masa sabon yayi ne. Bai yi dariya ba, sai da na biya.

Kuma akwai abin da ban gaya miki ba don ban ɗauke shi komai ba. Matar da ke kula da ƙaramin asibitin bayan layinmu ta zo sau biyu tana so in riƙa wanke musu zannuwan gado duk mako. Na ce ba ni da wurin shanya. Da na sayi babur, da na ƙaro tulin kaya na rasa inda zan baza su, sai dai in shanya a kan babur ɗin.

Sai na yi abin da kike yi. Bayan shago akwai filin da ake zubar da tarkace, mai ginin ya ce in share in yi amfani da shi. Na tambayi kuɗin rumfa mai ƙarafa da kwano da igiyoyi takwas: dubu ɗari da ashirin. Na koma wurin matar asibiti, ta ce arba'in da biyar a wata. Na cire sabulu da ruwa da gawayi sha biyar, kin ga na koyi cirewa. Saura talatin. Wata huɗu rumfa ta biya kanta. Na ce to in suka rage wankin rabi fa? Wata takwas. Har yanzu ta bar babur a baya yana neman mai.

Na kai wa Baba bayan la'asar, Kawu na zaune. Na ajiye gwangwanaye biyu a gabansu, na karanta komai kamar ina biya hadda. Da na zo kan tamanin ɗin gida, Baba ya tsayar da ni.

Ya ce, "Sake karanta wannan."

Na sake.

Ya ce, "Wato duk shekarun nan da nake cewa ba na samun komai..."

Mama daga ƙofar ɗaki ta ce, "To da me kake zaton muke ci, Malam?"

Kawu ya gyara zama ya ce, "Lissafin takarda ne wannan. Yaron da bai yi boko ba shi zai koya mana kasuwanci?"

Na ce, "Ba ni ba ne, Kawu, Yaya ce, ni ɗan aike ne. Amma akwai sauran layi ɗaya." Na karanta wankin gareji, dubu goma a wata. Na ce ban ninka shi da shekarun ba don takardar ba ta da faɗi.

Kawu ya ce, "Kai, ɗan'uwana zan biya kuɗin wanki?"

Na ce, "Subhanallahi, wa ya ce ka biya? Ai kana da injin walda da tsofaffin ƙarafa jibge a gareji. Ni kuma rumfa nake so."

Baba ya yi dariya har bayansa ya kama, ya dafe ƙugu yana cewa wayyo. Kawu ya tashi ya ce zai yi tunani, ya fita ya manta hularsa. Baba kuma ya ce in bar masa littafin ya kwana da shi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Mai ginin yana jiran amsa a ƙarshen mako.

Na bi ta wurin babur ɗin na yi masa sallama. Na ce ya yi haƙuri, lissafi ne ya raba mu.

Naki,
Auta

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Auta ne ke rubutawa, ni nake faɗa, na kuma ce ya karanta min in ya gama don kada ya sa nasa.

Na biya hayar shekara. Kawunku ya kafa ƙarafan rumfa da hannunsa, kwano kawai na saya. Sauran kuɗin filin na ajiye su, ba mai taɓawa. Na yanka wa Auta albashi, talatin, ya ce a rubuta a kuma sa hannu. Kuɗinki ba za a rage ko sisi ba. Jiya na ba da rigata a wanke, ya ce wanne gwangwani zai rubuta. Na biya.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Mahaifinki

Yaya, wannan na ƙasa Baba bai ji shi ba. Na auna ki yadda kika koya min: jarin da aka zuba, a raba da abin da yake kawowa. Rumfa wata huɗu. Babur wata ashirin. Ke kuwa na raba, na sake rabawa, takarda ta ƙare. Amma na gaya wa mai zaman kansa kada ya sayar da ke tukuna.